Kada Ka Ce Mini Rana

A bazarar bara na tafi gida Maraɗi hutun ƴan kwanaki, sai wani bawan Allah ya turo mini baitoci huɗu ta WhatsApp. Ba zan faɗi sunansa ba, don na san wannan ɗan littafi namu yana isa hannunsa. Da gani ya sha wuya a kansu, amsa-amo ya zauna daram, babu inda ya karye. A baiti na biyu ne ya ce wai ni ce ranar rayuwarsa. Lokacin kuwa wajen ƙarfe biyu ne, kuran ya ɗauke tun hantsi, ni da kakata muna yashe bisa tabarma gindin bedi, kowace da maficinta, kaji ma sun buɗe baki suna haki. Ta ga ina murmushi ni kaɗai, ta ce in karanta mata abin da ke ba ni dariya. Na karanta. Ta yi shiru, can ta ce:

"Ke kishiya, mi kinka yi ma ɗan mutane?"

Na ce, "Haba Kaka, yabona fa ya yi."

Ta nuna sama da mafici. "Da wagga? Wagga da ta hana mu leƙa ƙofar gida tun da sahe? In yabo shi ka so, ba ga inuwa ba, ba ga ruwan randa ba?"

Na yi dariya har da hawaye, amma maganar ba ta bar ni ba. Da na koma Yamai sai na ɗauko littattafanmu na baya, waɗanda fotokopi ya cinye rabin ƙugiyoyin haruffansu, na bi waƙoƙin da gajerun labaran da bik a hannu. Ga rana nan ta fito wurare da yawa, kullum ita ce masoyiya ko uwa. Ga wata budurwa da ta yaudari saurayi, an ce zuciyarta mai sanyi ce. Ga ruwan sama yana zuba duk lokacin da wani ya shiga baƙin ciki. Ga haƙora farare kamar ƙanƙara. Kafin wani ya ce cin fuska na zo yi, bari in fara da kaina: ruwan saman nan mai taya kuka a labarina yake. Ni na rubuta shi, kuma a lokacin ji nake na ƙure adabi. Duk jimlolin nan nahawunsu lafiya lau, kalmominsu Hausa ce tsantsa. Amma riguna ne da aka ɗinka don yanayin wata ƙasa, mu kuma muka zura su cikin zafin bazara muna taƙama.

Mu ɗan tuna abin da aka koya mana, a gurguje. In ka haɗa abu biyu da kalma irin su kamar, tamkar, sai ka ce, ya fi, bai kai ba, ka yi kamantawa. In ka jefar da kalmar ka ce wane zaki ne kai tsaye, ka yi siffantawa. Sunayen nan daga masana adabi na jami'o'in Nijeriya muka same su, irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau, kuma a littattafan fannin za ka tarar an raba kamantawa zuwa ta daidaito da ta fifiko da ta kasawa. Akwai na uku, buga misali, inda dangantaka ake gwadawa da dangantaka. Zan dawo kansa. A lise, mushen Faransanci ya sa mu farautar kalmar comme cikin rubutu, mu ja mata layi, mu rubuta comparé nan, comparant can, a ba mu maki. Wanda ya yi karatun zaure ya taɓa balaga kuwa ya san malaman Larabci sun yi tsanaki sosai a nan. Sun ce tashbihi rukunai huɗu gare shi: abin da ake kamantawa, abin da ake kamanta shi da shi, kalmar da ta haɗa su, sai wanda suke kira wajhush shabah, wato fuskar kama, ta wace fuska ce abubuwan biyu suka yi kama.

A rukuni na huɗun nan gizo ke saƙa. Ukun farko suna kan takarda, ana iya ja musu layi. Shi kuwa sau da yawa ba a rubuta shi, a siffantawa ma ba a ba shi kujera. Marubuci ya ce "ke rana ce", ya ajiye bik ya yi tafiyarsa. Rana kuma fuskokinta barkatai: tana da haske, tana da zafi, tana da nisa, ba a iya ƙura mata ido, kullum tana fitowa ba fashi, tana ƙafar da rijiya. Wacce ake nufi? Mai karatu ne zai zaɓa, kuma ba ƙamus yake buɗewa ba. Da abin da fatarsa ta sani yake zaɓa, da abin da harshensa ya saba masa da shi tun yana goye. Kakata ta fahimci waƙar sarai. Gurbin da mawaƙin ya bari ta cike da abin da Hausa ta ba ta.

Ku saurari yadda muke magana in ba mu sa rigar marubuta ba. Mutum ya samu labarin da ya kwantar masa da hankali, sai ya ce ya ji sanyi a ransa. Mai sanyin hali shi ne wanda kowa ke son zama da shi. In rigima ta taso, dattijo ya shiga tsakani ya yayyafa mata ruwan sanyi. Ɗan da ya faranta wa iyaye rai shi ne sanyin idonsu, kuma wannan daga Larabci ya shigo, ya zauna ba tare da ya nemi izini ba, don Larabawa ma ranarsu irin tamu ce. Juya ɗaya gefen: mai zafin rai, mai zafin kai, magana mai zafi, abin ya yi mini zafi, gari ya ɗau zafi. Kai, ciwo ma zafi muke ce masa.

To yanzu ɗauki budurwar can mai yaudara da aka ce zuciyarta mai sanyi ce. Na san inda ta fito, cœur froid ne aka tuɓe wa kwat aka ɗaura wa zane. A Faransanci sanyi da rashin tausayi yake tafiya, shi ya sa suke yabon mutum da chaleureux. Amma Bahaushen da bai bi ta lakwal ba, in ya ji an ce yarinya mai sanyin zuciya ce, cewa zai yi a nemo wa ɗansa aurenta. Marubucin ya yi niyyar suka ya ɓuge da yabo, labarin kuma ya tafi yana ɗingishi: shafi uku ana nuna mana mugunta, jimla ɗaya tana cewa baiwar Allah ce mai haƙuri. Ga shi kuwa Hausa ba ta rasa abin faɗi ba. Muna cewa zuciyarta ta bushe, ko ta ƙeƙashe. Ku lura da kyau, a wurinmu rashin tausayi bushewa ne, wato abin da rana ke yi wa ƙasa.

A shekarata ta biyu a jami'a aka haɗa mu da littafin George Lakoff da Mark Johnson na 1980, wanda muka karanta a fassararsa ta Faransanci, Les métaphores dans la vie quotidienne. Maganarsu ita ce siffantawa ta riga mawaƙi zuwa. Maganar yau da kullum cike take da ita, kuma daga jiki take tasowa. Mu da ke cewa bakin kogi, gindin bishiya, wuyan riga, ƙafar mota, ba sai an lallashe mu ba. A wani littafin nasu na 1999 sun kawo haɗa ƙauna da ɗumi a matsayin abin da ya samo asali daga jaririn da ake rungumewa. Na yarda da su rabi. Ɗumin uwa muna da shi mu ma. Sai dai Hausa ta raba ɗumi da zafi, ta ba kowanne kalmarsa, inda chaleur ta haɗiye su duka biyu. Ɗumi na bayan uwa ne da kunun safe da wutar kara cikin hunturu. Rana kuwa, a yawancin watannin shekararmu, ta wuce nan tun ƙarfe tara.

Wani abin da ya ƙara buɗe mini ido shi ne zancen ci da sha. Claude Gouffé, Bafaranshen da ya yi aiki kan Hausar ƙasar nan, ya yi rubutu a kansu tun 1966, daga baya Philip Jaggar da Malami Buba suka sake duba su a 2009. Abin da suka nuna, ci yakan tafi wajen rinjaye: ci kokowa, ci jarrabawa, ci gari da yaƙi. Sha kuma yakan tafi wajen abin da ya sauka kan mutum ya ratsa shi: sha wuya, sha kashi, sha duka, har da sha daɗi da sha iska. To, rana shan ta ake yi, kuma babu mai ce maka "ka sha rana" yana yi maka hassada. Tausayi ne, kofin ruwa ke biyo baya.

Sai ruwan sama, laifina. Mu da muka yi resitasiyo, da wuya wanda bai haddace waƙar Verlaine ɗin nan ta ruwan sama da ƙuncin zuciya ba. Waƙa ce mai kyau a inda aka haife ta. Abin mamaki, ruwan da Yamai ke samu a shekara, milimita 500 zuwa 600, bai yi nisa can da na Paris ba. A rabo bambancin yake. Nasu yayyafi ne da ke bin su kowane wata, sama ta yi toka-toka, har ya gundure su. Namu kusan duka cikin wata huɗu yake zubowa, Yuni zuwa Satumba, bayan an yi wata takwas ana ɗaga kai. Wanda ya taɓa tsayawa tsakar gida ranar ruwan farko ya shaƙi ƙamshin ƙasa, ya ga yara sun fita a guje suna ihu, mata na jera bokitai ƙarƙashin indararo, tsoho ya shiga rumbu neman iri, ya san abin da ruwa ke nufi a nan. Damina uwar albarka muke cewa, in ya yi jinkiri kuma fita ake yi roƙonsa. Sai ga ni, jikar manoma, na zaunar da yarinya bakin taga, saurayi ya guje ta, na sako mata ruwan farkon damina wai ya taya ta kuka. Da na san abin da nake yi, ai labarin ke nan a hannuna: gari duka na murna, ita kaɗai ke kuka, babu ma wanda ya lura. Ban gan shi ba, don idona na wajen Verlaine.

Ba na cewa ruwa ba ya sa mu kuka. Wanda ya ga daminar 2024, yadda gidaje suka zube a Maraɗi, yadda tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe, ba zai faɗi haka ba. Amma wannan kukan na bango ne da ke jiƙa yana tsagewa da tsakar dare, uwa na ƙirga ƴaƴanta cikin duhu. Ba ruwansa da tagumi bakin taga. A littattafanmu da na bi, ban ga wanda ya taɓa shi ba.

Ko a sarauta haka abin yake. Sarkin Faransa Luwi na 14 da ya so nuna ya fi kowa, rana ya ɗauka ta zama tambarinsa, har yau da ita ake kiransa. Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato kuwa Gamji ake ce masa, ƙaton icen da ake fakewa ƙarƙashinsa. Makaɗan fada sukan kira sarki giwa, bango, hadari, inuwa. In babba ya rasu a gida cewa ake yi bango ya faɗi, in biyu ba sa shiri a ce ba sa zama inuwa ɗaya. Mai girma a wurinmu shi ne wanda ya tsaya tsakaninka da rana.

Na san abin da ƴan'uwa za su ce a zama na gaba, don wani ya riga ya faɗa mini a bakin amfi: ai Hausa ma na yabon rana. Gaskiya ne. Muna cewa abu ya yi mini rana in ya yi amfani lokacin buƙata. A waƙoƙin madahu rana da wata suna zuwa don haske. Sanyi ma ba kullum ne abin so ba, akwai sanyin jiki, akwai sanyin gwiwa, kuma mai zafin nama yabonsa aka yi. Faransawan su ma suna da sang-froid, wanda yake abin yabo. Don haka ba dokar hana ambaton rana na zo kafawa ba. Abin da nake cewa, in fuskar da kake nufi ba ita ce wadda kunnen mai sauraro zai fara kamawa ba, to aikinka ne ka juya masa kai ya kalle ta. Masu madahu suna yin haka, tare da hasken da duhun da ya kore suke kawo ranar, ba su barin ta tsirara.

A nan ne nake ganin mun yi wa "kamar" rashin adalci. Tun daga lise aka cusa mana cewa siffantawa ta fi kamantawa daraja, wai kamantawa ta ƴan koyo ce. Ra'ayin tsoho ne, Aristotal ma ya ga kamantawa ba ta kai siffantawa daɗi ba saboda ta fi tsawo. Shi ya sa a zaman gyaran rubutu za ka ji wani ya ce, "Cire kamar ɗin nan, zai fi ƙarfi." Wani lokaci ya fi ɗin. Amma tsawon nan da ake raina mata shi ne filin da ake shimfiɗa fuskar kama. Da mutumin nan nawa ya ce na zo masa kamar hantsi ga wanda ya kwana cikin ɗarin Janairu ba bargo, da Kaka ba ta ce uffan ba. Rana ce dai, amma an faɗi wace rana, a wane wata, kan wane jiki. Siffantawa gajeriya tana aiki ne in kai da mai sauraro kun riga kun yarda da fuskar tun kafin ka buɗe baki. In ba ku yarda ba, gajartar caca ce.

Akwai kuma masu cewa maganin abin shi ne kowa ya kamanta da abin da ya taɓa gani da idonsa. Wannan ma ban saye shi duka ba. Mu nawa ne muka taɓa ganin zaki, in ka cire wanda ke kwance cikin keji a gidan tarihi na Boubou Hama yana korar ƙuda? Amma ka ce wa ɗan kokowa zaki, filin duka ya gane, don harshe ya daɗe da yanke hukunci kan zaki. Matsalar haƙora masu kama da ƙanƙara daban take. Marubucin neige yake gani a kansa, mu kuma da muka ji ƙanƙara, ko dai wadda ke faɗowa da hadari ta kakkarya hatsi, ko ta cikin leda da ake layin saye da la'asar a watan azumi. Ita wannan ba fara ba ce ma can, garau take kamar gilashi, kuma abin da ke zuwa rai game da ita sanyi ne da tsada. Haƙoran yarinya sun zama abin jefawa cikin bisap. Ga auduga, ga nono, ga alli, ga farin wata. Ban da haka Hausa na da wata hanya da Faransanci ba shi da irinta da yawa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Inda su dole su nemo dusar ƙanƙara ko gawayi, mu gaɓa ɗaya ta ishe mu. Sau nawa muke barin fat a gida mu tafi aron neige?

Yanzu buga misali, wanda na ce zan dawo kansa. Shi ƙafa huɗu gare shi: yadda kaza yake ga kaza, haka wancan yake ga wancan. Misalin Aristotal shi ne tsufa ga rayuwa kamar maraice ne ga yini. Karin maganarmu kusan duka haka aka gina su, sai dai ƙafa biyu ake faɗi a bar maka biyu. Inuwar giginya, na nesa ka sha. Wanda ya bi hanyar Gaya ya ga giginya ya san dalili: doguwa ce, ba reshe a ƙasa, inuwar can gefe take faɗawa. Ba a ambaci attajirin da danginsa ke yunwa baƙi na ƙoshi ba, amma kowa ya gan shi. Ƙarfin misali shi ne yana ɗauke da fuskar kamarsa a cikinsa, ba ya barin ta ga sa'a.

Shi ya sa waƙar da ta fi burge ni a fitowar da ta wuce ita ce ta ɗan'uwanmu na Tawa, kuma abin dariya, ita ma uwa ta kira rana. Amma dubi yadda ya yi. Uwar tasa mai faɗa ce, kowa na gudun bakinta, ya ce ita rana ce, shi kuma pano ne bisa rufin ɗaki. Kowa ya gudu inuwa, shi an ɗaure shi fuska sama, yini guda tana gasa shi. Sai da dare ya yi, unguwa ta yi duhu, aka ga ɗakinsu kaɗai ke da haske. Bai ɓoye zafin ba, da shi ma ya fara, ya bi da mai karatu ta inda fatarsa ta sani, sa'an nan ya kai shi ga hasken. Kuma kayan aikinsa na yau ne, abin da ke kan rufin kowane mai cajin salula a ƙauye. Wannan ya nuna ba sai mun koma zamanin rumbu da takobi kafin mu yi Hausa mai kyau ba.

Ina da ƙorafi biyu a kanta duk da haka. Na farko wani ɗan fannin kimiyya ne ya ɗago shi a zamanmu, aka yi masa ca, ni kuwa ina ganin yana da gaskiya: pano ba ya ajiye wuta, batir ke ajiyewa. A kamantawa ta wucewa ana iya yafe wannan. A misali mai ƙafa huɗu, in ƙafa ɗaya ta gurɗe duk wanda ya san abin zai ji ta, kuma yau yaran ƙauye sun fi mu sanin pano da batir. Gyaran ma riba ne, don sai ya samu wuri na uku: fuska ta sha zafi, zuciya ta ajiye. Na biyu, baitin ƙarshe. Bayan ya gama aikin tsaf, sai ya tsaya yana bayyana mana cewa faɗan iyaye tarbiyya ce. Haba malam! Wa ya tambaye ka? Ka taɓa jin wanda ya ce inuwar giginya, sa'an nan ya ƙara da "wato ina nufin Alhaji wane"? Ɗan'uwa, in za a sake buga ta, yanke baitin nan, ka bar mu a ɗakin da fitilarsa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yawan abin da ke gabanmu ba mu taɓa ba. Ɗauki gawo. Duk wanda ya ratsa gonakin Matamai da Magarya ya san halinsa: da damina, lokacin da kowane ice ke ado, shi zubar da ganye yake ya tsaya fayau, hatsi ya yi kyau ƙarƙashinsa. Da rani, kowa ya bushe, shi kuma ya yi kore shar, ya ba da inuwa, ya zubo wa bisashe ƴaƴa. Wane irin mutum ne wannan? Ana iya cewa ɗan adawa ne da ba ya tafiya tare da jama'a. Ana iya cewa yayar nan ce da ba a ganin ta ranar biki, sai ranar da aka kwantar da wani asibiti. Ana iya cewa mai arzikin da ke ƙiba lokacin da kowa ke ramewa. Ice ɗaya, fuska uku, kuma kowace sai marubuci ya yi gumi kafin ta fito. Mu kuwa muna can muna tsinkar fulawar roz da ba mu san ƙamshinta ba sai a sabulu.

Wani zai ce duk wannan surutu kan waƙar soyayya? Abin ya wuce nan. A watan Maris na 2025 dokar da ake kira Charte de la refondation ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kowa da ra'ayinsa kan wannan, kuma ba shi ne zancena ba yau. Amma in rubutun Hausa zai ƙaru, a littattafan lakwal, a sanarwar asibiti, a labarun rediyo, irinmu ne za a miƙa wa bik, mu da aka koya wa tunani da Faransanci tun muna shekara bakwai. Na taɓa jin mai fassara a wani gidan rediyo ya ce an yi wa baƙo tarba mai zafi. Accueil chaleureux yake nufi, hannu bibbiyu. Makwabcinmu da ke sauraro tambaya ya yi ko jifan baƙon aka yi. A waƙa irin wannan kuskure dariyar kaka kawai yake jawowa. A sanarwa kuwa mutane ne za su tashi su yi aiki da abin da suka ji.

Shi mutumin nawa, na gaya masa abin da Kaka ta ce, kalma da kalma. Ya yi kwana biyu bai ce komai ba. Ran na uku sai ga sabbin baitoci, an kori rana, yanzu ni ce ruwan randa. Na kira Kaka ta wayar ƙanena na karanta mata. Ta ce, "To, ya hwara hankali. Amma wagga ai maganata ce ya ɗauka ya maido miki. Ki ce mishi ya nemo tashi."

Na faɗa masa. Har yanzu ina jira.